Mai Walda da Karkataccen Samfur

Akwai wani mutum mai walda, yana da rumfa a bakin hanya, kusa da gindin wani tudu. Hannunsa yana da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Ka kawo masa ƙarfen da ya karye, na injin niƙa ne ko na garmar shanu, sai ya juya shi sau biyu a hannu, ya ce ka dawo jibi. In ka dawo, ka tarar da sabo kwance kusa da tsoho kamar tagwaye. Ba ya neman zane, ba ya neman takarda. Maganarsa kullum ita ce a kawo masa samfur kawai, wato tsohon da ya lalace, shi kuwa zai fitar da irinsa sak.

Amma bakinsa ya fi wutar waldarsa zafi. Shi kaɗai yake aiki, don ba mai iya zama da shi. Tun da aka san shi ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. In ƙofar da ya ƙera ta ƙi rufuwa, magini ne ya karkatar da bango. In ƙafar kujera ta fi 'yan'uwanta tsawo, ƙasar ɗakinka ce ba daidai ba. Kun san irinsu. Kada kowa ya waiga ya dubi na kusa da shi, ba mu kai wurin ba tukuna.

A bisa tudun nan akwai asibiti. Hanya ɗaya ce take sauka daga ɗakunan marasa lafiya zuwa ƙofar da ke ƙasa, ga ta siririya, ga gangara, ga kwana a tsakiya. In kana sauka, dutse yana damanka, a hagunka kuwa kwazazzabo ne mai zurfi wanda ruwan damina yake ƙara ci kowace shekara. Da ruwa ya cinye gefen hanyar, sai aka hana motoci da babura hawa. Abin da ya rage shi ne wata 'yar mota mai batir, irin wadda masu hali suke hawa a filin wasan golf suna bin ɗan mitsitsin ƙwallo a kan ciyawa. Ta tsufa a can, wani mai kirki ya kawo ta kyauta. Mutane suka sa mata suna Kunkuru saboda tafiyarta. Ita take sauko da wanda aka yi wa aiki, ita take hawa da mai naƙuda. Mai tuƙa ta wani dattijo ne, Baba Irmiya, mutum mai sanyin magana wanda bai san walda ba ko kaɗan, amma shekara tara hannunsa yana kan sitiyarin nan.

Wata rana Kunkuru ta daki wani dutse da ruwa ya gangaro da shi kan hanya. Ƙarfen da yake riƙe da tayar gaba ta hagu ya tsage. Ƙarfe ne mai kama da gwafa, ƙafafunsa biyu suna kama jikin motar, kansa yana riƙe da taya, masu gyara suna ce masa hannu. Aka zaga kasuwanni ba a sami irinsa ba, gama ba a yi motar domin ƙasarmu ba. Sati biyu ana ɗaukar marasa lafiya a kafaɗa.

A kwanakin nan matar mai waldan tana kwance a asibitin. Ta zame a bakin rijiya ta karye a cinya, aka ɗora ƙafar, aka naɗe ta da farin simintin asibiti tun daga ƙugu har idon sawu. Likita ya ce ran Asabar da sha ɗaya na safe za a sallame ta. Da Baba Irmiya ya kawo tsagaggen hannun rumfarsa ran Laraba, mai walda ya ce a bar masa, kyauta zai yi, ba za a sauko da Maman Tabita a kafaɗa kamar buhun masara ba yana raye.

Ya zauna a ƙasa, a kan yashi, yadda ya saba. Ya yanka bututun ƙarfe mai kauri, ya gwada shi da tsohon, ya sāke yankawa. Sai ya lura ɗaya ƙafar tsohon hannun tana da wata 'yar lanƙwasa, ba mai yawa ba, kamar kaurin yatsa. Ya yi murmushi ya ce a ransa, ga dabarar masu ƙera motar, wani ƙaramin mai walda ba zai ma gan ta ba. Ya hura wuta, ya gasa sabon ƙarfen har ya yi ja, ya lanƙwasa, ya gwada, bai kai ba. Ya sāke gasawa, ya wuce. Ya sāke. Yini guda cur ya ɓata a kan wannan lanƙwasa, har ya ƙone a babban yatsa. Duk aikin ba inda ya sha wahala kamar nan, ba kuma inda ya fi jin daɗin kansa. Da ya gama ya goge, ya shafa baƙin fenti, ya ɗora sabo a kan tsoho. Ko zare ba zai shiga tsakaninsu ba.

Ran Jumma'a ya hau tudun da kayan aikinsa ya ɗaura. Notin farko ya shiga lafiya. Na biyu ya ƙi. Ya tura, ya murɗa, ya ƙi. Maimakon ya tsaya ya tambayi kansa dalili, sai ya zagi waɗanda suka ƙera motar, ya ɗauki guduma. Bugu shida, noti ya shiga dole.

Baba Irmiya ya hau ya zaga filin da ke gaban ɗakunan, inda ƙasa take a shimfiɗe. Ya zaga sau biyu, ya tsaya, ya sauko a hankali. Ya yi godiya tukuna, ya yaba fentin, sa'an nan ya ce motar tana ja hagu. Ba sosai ba, amma tana ja, in kuma ya taka birki sai ta ƙara.

Mai walda ya miƙe. Ma'aikatan jinya suna tsaye a inuwa suna kallo, har da babbarsu. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce shi shekara talatin yana cin wuta, ba mai tuƙa kunkuru ne zai koya masa ƙarfe ba. Ya jawo tsohon hannun daga buhu, ya durƙusa ya kara shi da sabon, ya kira kowa ya zo ya gani da idonsa ko akwai bambanci. Suka leƙa. Babu.

Baba Irmiya ya ce, “Ɗana, ban ce bai yi kama da tsohon ba. Na ce a auna shi da na dama, wanda dutse bai taɓa ba.”

“In kwance mai lafiya saboda marar lafiya? Baba, kafaɗarka ce take ja hagu, tsufa ne. A nema maka man zafi.”

Aka yi dariya. Babbar ma'aikaciyar jinya ta dubi ƙarafan nan biyu, ta dubi dattijon, ta ce tun da gwani ya faɗa, gobe mota ta fara aiki, mutane sun gaji da dako. Baba Irmiya ya share hannunsa da tsumma, ya ce to, tun da aikin mai walda ne, matarsa za a fara saukowa da ita. Ba da gatse ya faɗa ba. Girmamawa ce a wurinsa.

Ran Asabar da safe mai walda ya yi wanka, ya sa rigar zuwa sujada da takalminsa mai kyau, ya biya ta rumfa don ya kulle kafin ya je ya jira matarsa a ƙofar asibiti. Yana kawar da tarkace, ya ɗauki tsohon hannun ya jefa shi a kan wani faffaɗan farantin ƙarfe da yake ajiye a kusurwa. Hannun bai kwanta ba. Ya yi ta rawa, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kafin ya tsaya, ƙafa ɗaya a kwance, ɗaya a sama, haske yana wucewa ta ƙarƙashinta.

Ya ɗauke shi ya fito rana. Ya juya cikin lanƙwasar nan da ya ɓata yini yana kwaikwayo. A wurin fentin ya tattare ya farfashe, ga kuma wani dogon karce mai haske inda dutse ya gurji ƙarfen. Ya sani sarai, lanƙwasar da aka yi tun a wurin ƙira fentinta sumul yake, gama sai an lanƙwasa ake shafawa. Wannan ba dabarar kowa ba ce. Dutse ne ya yi ta. Dukan da ya tsaga ƙarfen shi ne ya karkatar da shi, shi kuwa ya zauna da dukan gwanintarsa ya sāke ƙera ɓarnar da sabon ƙarfe mai kauri.

Agogon hannunsa ya nuna sha ɗaya saura kwata.

Kuna tsammani nan take ya ruga? Bai ruga ba. Ya tsaya da ƙarfen a hannu yana lissafin mutuncinsa. Ya ce ai kaurin yatsa ne kawai. Ya ce ai Baba ya iya tuƙi, zai riƙe ta. Ya ce bari a sauko yau lafiya, ran Litinin sai in je kamar zan ƙara wa motar man giris, in canja abin ba wanda ya sani. Ya tuna dariyar jiya, ya tuna wa za a yi wa ita yau. Mutum, za a sauko da matarsa a kan gangara, yana tsaye yana auna kunya. Minti biyar ya kashe a haka, kuma minti biyar ɗin nan ba nasa ba ne.

Abin da ya tsinke masa tunani shi ne maganar dattijon, cewa in ya taka birki sai ta ƙara ja. A fili mai shimfiɗa ke nan, ba kaya. To a gangara fa, inda tun daga sama har ƙasa ƙafarsa tana kan birki, nauyi duka ya koma kan tayoyin gaba? Ga kwana, ga kwazazzabo a hagu, ga mace da ƙafar siminti wadda ko ta ga mutuwa ba za ta iya tsalle ba.

Ya kira wayar Baba Irmiya, tana ta ƙara ba a ɗauka ba, gama dattijon ba ya taɓa waya in yana bakin aiki. Ya bar rumfa a buɗe, ya haye babur. A ƙofar asibiti maigadi ya tare shi ya ce ba a hawa da abin hawa, doka ce. Ya yar da babur ɗin a ƙasa injin yana ci, ya kama hawa da gudu. Mutum ne mai jiki, ya ba hamsin baya, rabonsa da gudu tun yana saurayi. Kafin ya kai rabin hanya ƙirjinsa yana zafi kamar ya haɗiyi garwashi.

Yana shan kwanar ya hango su. Kunkuru tana saukowa. Matarsa tana zaune a baya, an miƙe ƙafar a kan matashi, ta rungume ƙullin kayanta. Baba Irmiya ya kama sitiyari da hannu biyu, ya karkata jikinsa duka zuwa dama, jijiyoyin wuyansa sun fito. Tayar hagu ta kwanta ciki kamar ƙafar gwame, tana cin ƙasa, tana jan motar kaɗan kaɗan zuwa baki. In dattijon ya saki birki, mota ta ƙara gudu. In ya danna, ta ƙara ja. Tsakanin taya da rami bai fi taku biyu ba, kwana kuwa tana gabansu.

Mai walda ba shi da numfashin da zai yi ihu. Ya bi ta gefen ramin, ta 'yar ƙasar da ta rage tsakanin mota da kwazazzabo, ya kafa kafaɗarsa a goshin motar ta ɓangaren hagu, ya tura ta wajen dutse. Ya ce, “A hankali, Baba. Danna a hankali, kada ka saki.”

Motar ta yi ta tura shi baya. Taku ɗaya, taku biyu. Ƙasa ta fara zubewa a ƙarƙashin ƙafarsa ta baya. Ya durƙusa a gwiwa ɗaya, bai ɗauke kafaɗar ba. Tayar ta gurji ƙasa, ta gurji wandonsa, ta tsaya. Tsakaninta da baki tafin hannu ɗaya.

Takalminsa na ƙafar baya ya zame ya tafi. Su uku suna jinsa yana bugun duwatsu, yana bugu, yana bugu, kafin ya kai ƙasa.

Baba Irmiya ya ja birkin hannu, ya sauko, ya sa duwatsu a gaban tayoyi. Mutane suka taru daga sama da ƙasa, maigadi, masu jinya, da babbar ma'aikaciyar nan da ta ce gwani ya faɗa. Wani ya fara cewa ai tsufa ne, bai kamata a bar dattijo da sitiyari ba. Ga ƙofa a buɗe, da mai walda ya yi shiru da an ɗora wa Baba, an wuce wurin.

Yana durƙushe a ƙasa, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya ce, “Ku bar Baba. Ba don hannunsa ba da tuni suna ƙasa. Aikina ne. Samfurin a karkace yake, na kwafe shi da karkatarsa. Ya faɗa mini jiya, na zage shi. Baba, ka gafarta mini.”

Dattijon ya kama shi ya tashe shi, ya ce komai ya wuce, Allah ya tsare.

Matar ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba tun da aka fara. Ta dube shi daga inda take zaune, ta ce, “Baban Tabita, shekara talatin da ɗaya ina jiran in ji ka ce ka yi kuskure. Ashe sai an kawo ni bakin rami.”

Ya juya mata baya ya sunkuya, aka taimaka aka ɗora ta. Wanda ya rantse ba za a sauko da matarsa a kafaɗa ba, shi ya goyo ta har ƙofa, ƙafar simintin a miƙe a gefensa, yana ɗingishi da takalmi ɗaya, dukan asibiti suna kallo.

Ran Litinin ya hau tudun, ya kwanta a ƙarƙashin motar cikin ƙura, ya kwance hannun dama. Ya wanke shi, ya ɗora a kan farantin ƙarfe, ya kwanta lamo ba rawa. Da shi ya auna, ya ƙera na hagu. Da ya zo ɗaurawa, notin nan da ya sha guduma ya shiga da yatsu biyu. Baba Irmiya ya hau a fili, ya saki sitiyari, Kunkuru ta tafi sambal.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, yawancinmu ba da ƙyuya muke ɓata rayuwarmu ba, da ƙwazo muke ɓata ta. Mai waldan nan bai yi ha'inci ba, bai sa ƙarfe marar kauri ba. Ya yi aminci, amma ga karkataccen abu.

Tsohon hannun nan shi ne abin da muka tarar. Kai da kake daka wa matarka tsawa a gaban 'ya'yanta, aka yi maka magana ka ce haka babanka ya riƙe gida, ai shi ne samfurinka. Ke da ba ki gaisawa da 'yar ƙanin babanki saboda rigimar iyakar gona da aka yi kafin a haife ki, ke ma kin gasa sabon ƙarfe kin fitar da lanƙwasar wasu. Har a cikin ikilisiya muna yi. Sabon dattijo ya ga na dā ba ya karɓar gyara, sai ya ɗauka wannan shi ne dattako, ya yi ta koyo har ya fi shi. Sa'an nan in an taɓa mu, mu jawo tsoho daga buhu mu kara, mu ce ku duba, akwai bambanci? Babu bambanci, ɗan'uwana. Shi ne ma abin tsoron.

Ban ce ku je ku raina iyayenku ba, kada wani ya fita ya ce ni na aike shi. Hannun nan a miƙe aka yi shi, dutse ne ya same shi. Babanka ma akwai dutsen da ya doke shi, wataƙila yunwa, wataƙila nasa uban. Ka ji tausayinsa, ka girmama shi, ka ɗauki abin kirkin da ke gare shi. Amma kada ka maida tabonsa ya zama ma'auninka.

Akwai hannun dama wanda dutse bai taɓa karkatarwa ba, shi ne Ubangijinmu Yesu Almasihu, yadda Maganar Allah ta nuna mana shi. Yana nan kusa, a jikin motar ma yake. Abin da yake hana mu auna kanmu da shi, sai an kwanta a ƙasa, riga ta yi datti, mutane su gane ba ka tabbata da aikinka ba.

Allah kuwa ba ya barin mutum ba gargaɗi. Notin da ya ƙi shiga, lamirinka ne. Sau nawa ya ƙi, ka ɗauko guduma? Baba Irmiya kuma kowa yana da nasa, wani wanda bai kai ka ilimi ba, bai kai ka baki ba, amma shi yake jin yadda kake ja hagu, gama shi yake zaune da kai. Ka yi masa dariya a gaban mutane, ka ci nasara. To, ka ci.

Sai dai ka tuna wa yake zaune a baya. Mai walda ba shi ya hau motar ba. Karkatarka ba kai za ta fara kai wa bakin rami ba, matarka ce, 'ya'yanka ne, waɗanda suka amince da kai suka hau, ba su kuwa iya tsalle. Mutumin nan ya sami tafin hannu ɗaya. Ni ban isa in yi maka alkawarin ko yatsa ɗaya ba.

Saboda haka in akwai wanda ya taɓa ce maka kana ja hagu ka zage shi, kada ka jira Litinin. Ka neme shi yau kafin ka ci abincin rana. Rigar sujadar ma tana jikinka, ka durƙusa da ita.